Fagin na Littafi da Fagin na Dandalin Wasa

A cikin littattafan Turanci da aka ba mu mu karanta bana akwai wanda a ke kira Oliver Twist, na Charles Dickens. Da muka sauke shi, sai malaminmu ya kawo mana takardun wani wasan kwaikwayo mai waƙoƙi da aka tsamo daga cikinsa, sunansa Oliver!, ya sa muka karanta, muka kuma saurari waƙoƙin. Tun daga ran nan gardama ba ta mutu a ɗakin kwananmu ba, kuma duk a kan mutum guda a ke yinta, watau tsohon nan uban ɓarayi mai suna Fagin, wanda Turawa su ke faɗa Fegin. Waɗansunmu sun ce mutum ɗaya ne, riga kaɗai aka sake masa. Waɗansu kuwa suka ce babu abin da ya gama su sai suna. Mun ga ya kamata mu shimfiɗa maganar a nan, don ko ba daɗe ko ba jima kowanenmu zai tsaya gaban aji, wata rana kuwa a ce masa ya ɗauki labari ya mai da shi wasa don yara. Gara tun yanzu mu san abin da ya kan sami mutumin cikin littafi in an ɗora shi bisa dandali.

Dickens yana da shekara 25 sa'ad da ya fara fid da labarin kashi-kashi a cikin wata jarida ta wata-wata a Landan, cikin 1837, bai ƙare ba sai 1839. Labarin maraya ne wanda aka haifa a gidan matalauta, irin gidajen da dokar Ingila ta 1834 ta tsananta, inda a ke ba yara kunu tsararo don kada zama ya yi musu daɗi. Yaron ya roƙi ƙari, aka ɗauki wannan babban laifi, aka ba da shi ga mai yin akwatin gawa ya koyi sana'a. Da wuya ta yi wuya ya gudu, ya taka mil 70 zuwa Landan. A bakin gari ya gamu da wani yaro ɗan sane mai laƙabi Dodger, wanda ya ja shi cikin dare zuwa wani lungu mai wari, ya hau da shi bene, ya miƙa shi ga Fagin.

Ga yadda mu ke fara ganinsa a babi na 8. Tsoho ne yamutsattse, mai jan gashi a cukurkuɗe, cikin riga mai maiƙo, yana tsaye gaban wuta yana soya nama, da dogon cokali mai yatsu a hannunsa, ga hankici na siliki rataye rututu a bayansa, ga yara kewaye da tebur suna shan taba kamar manya. Ya rusuna wa Oliver, ya kama hannunsa, ya ba shi abinci, ya ba shi barasa mai ɗumi, yaro ya yi barci. Kada mu manta da wannan, domin gaba za mu bukace shi: tun da aka haifi yaron nan, hukumar gidan matalauta da ma'aikatanta masu mutunci yunwa suka ba shi da bulala, sai ga ɓarawo ya cika masa ciki. Kashegari kuma tsohon ya yi wasa da yaransa. Ya zuba agogo da hankici cikin aljihu, ya riƙa kai da kawowa cikin ɗaki yana kwaikwayon dattijon da ke kallon kantuna yana tsoron ɓarayi, yara na binsa suna zare kayan. Oliver ya yi dariya har da hawaye, bai san darasi a ke koya masa ba.

To, amma tsakanin abincin daren nan da wasan safiya Dickens ya sa wani abu. Da gari ya waye, Oliver na kwance tsakanin barci da farke, sai ya ga tsohon ya kulle ƙofa, ya fito da wani ɗan akwati daga ƙarƙashin daɓe, cike da agogunan zinariya da zobba. Yana juya su yana magana shi kaɗai, yana yabon hukuncin rataya, wai don wanda aka rataye ba ya tona asiri, yana kuma murna da mutum biyar nasa da aka rataye a jere ba wanda ya ambaci sunansa. Da ya ɗaga kai ya ga idon yaro a buɗe, sai ya zabura ya ɗauki wuƙar yankan burodi. Da ya tabbata yaron bai ji kome ba, ya ajiye wuƙa, ya mai da abin raha, ya ce ɗan abin da ya tara ne don tsufa. Saboda haka sa'ad da a ke wasan aljihu, Oliver na dariya, amma mu masu karatu mun riga mun ga wuƙa. Mun san naman nan da rahan nan tsaba ce da a ke watsa wa tsuntsu a bakin tarko.

Daga nan kullum abin ƙaruwa ya ke yi. Bayan da wani dattijo mai kirki, Brownlow, ya ɗauki Oliver gidansa, sai Fagin ya sa Nancy da saurayinta Bill Sikes, wani ƙasurgumin mai fasa gidaje, suka sato shi. Da yaron ya yi ƙoƙarin gudu, Fagin da kansa ya ɗauki kulki ya maka masa a kafaɗa, ya ɗaga zai ƙara, Nancy ta fizge ta jefa cikin wuta. A nan ta faɗa masa a fuska, tun ba ta kai rabin shekarun Oliver ba ta ke yi masa sata, shekara 12 ke nan, shi ne kuwa ya jefa ta cikin wannan zama. Sa'an nan ya kulle yaron shi kaɗai kwana da kwanaki, ya ba shi labarin wani yaro da ya taɓa yi masa butulci har ya ƙare a igiya, don kaɗaici da tsoro su sa ya gwammace kowace irin ƙungiya da zaman shiru. Wanda ya karanta babi na 18 a natse zai ga mutum ne da ya san zuciyar yara sarai, ya san icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, sai dai shi wajen karkacewa ya ke tanƙwarawa. Mu da a ke koya wa aikin malanta, wannan babi ya fi kowane ba mu tsoro, gama dabarun da ya yi aiki da su, watau wasa, da yabo, da labari, da sa babban yaro ya zama abin koyi ga ƙarami, duk mun same su cikin darussanmu na hanyar koyarwa.

Me ya sa ya nace wa wannan yaro guda, alhali titunan Landan cike su ke da marayu? Amsa tana wurin wani mutum mai suna Monks. Shi ɗan uban Oliver ne, 'yan ubanci kuwa ba sai an yi wa Bahaushe bayaninsa ba. Ubansu ya bar wasiyya cewa yaron zai ci gado muddin bai ɓata sunansa da wani aikin ashsha ba kafin ya girma. Sai Monks ya yi jinga da Fagin, a kan kuɗi, ya mai da yaron ɓarawo don gado ya kuɓuce masa. Ashe lalata Oliver kwangila ce.

Mafi muni kuwa shi ne abin da ya yi wa Nancy. Da ya ga take-takenta sun sake, ya zaci wani saurayi ta samu, har ya fara tunanin yadda zai sa ta zuba wa Sikes guba, don Sikes ya san asirinsa da yawa. Ya ba wani matsoracin saurayi mai suna Noah Claypole fam guda ya bi sawunta. Noah ya laɓe a matakalar gadar Landan da tsakar daren Lahadi, ya ji ta tana gaya wa Brownlow labarin Monks. A wurin nan an matsa mata ta ba da Fagin, ta ƙi, ta ce kome muguntarsa tare suka yi zaman, ba za ta ci amanarsa ba. Da Sikes ya komo da asuba, Fagin ya ta da Noah daga barci, ya riƙa jan maganar da tambayoyi yadda za ta fito kamar ta sayar da su duka, ya ɓoye ƙin da ta yi. Da Sikes ya tashi a fusace zai fita, tsohon ya tare shi a bakin ƙofa, bai roƙa mata rai ba, sai dai ya gargaɗe shi ya yi abin da wayo don kada a kama su. Hannun Sikes ne ya kashe ta, amma Fagin ne ya wasa wuƙar ya miƙa.

Akwai wani abu kuma da ba shi yiwuwa mu tsallake. Dickens ya yi Fagin Bayahude, bai kuwa tsaya nan ba, sai ya riƙa kiransa da sunan kabilarsa maimakon sunansa, fiye da sau 250. Sikes Kirista ne, Monks ma haka, amma ba a kiransu da wannan. Ga jan gashi, da cokali mai yatsu gaban wuta, siffofin da Turawan dā su ke zana Shaiɗan da su, ga kuma zanen George Cruikshank da ke cikin littafin, mai dogon hanci. Duk wannan tsohon zargi ne da aka daɗe ana yi wa Yahudawa a Turai, Dickens ya tsince shi a hanya ya sa cikin littafinsa. Cikin 1863 wata mace Bayahudiya, Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan da Dickens ya tashi daga ciki, ta rubuta masa takarda ta ce ya zalunci mutanenta. Da fari ya kāre kansa, ya ce a zamanin labarin galibin masu sayen kayan sata irin wannan Yahudawa ne, sauran miyagun littafin kuwa duk Kirista ne. Amma maganar ta zauna masa a rai. A littafinsa na gaba, Our Mutual Friend, ya sa wani tsoho Bayahude mai kirki, sunansa Riah, kuma da aka sake buga Oliver Twist cikin 1867 ya soke kalmar a wurare masu yawa, musamman a babobin ƙarshe, ya sa sunan Fagin. Wani abin mamaki, sunan nan ma na wani yaro ne, Bob Fagin, wanda ya yi masa alheri sa'ad da shi Dickens ya ke ɗan shekara 12 yana aikin liƙa takarda a kwalaben baƙin takalmi, ubansa na kurkuku saboda bashi. Ba mu ga ya rama alherin da kyau ba.

Tun labarin bai gama fitowa ba masu gidajen wasa na Landan suka fara kwaikwayonsa, cikin 1838, ba da izinin mai shi ba. Cikin 1905 wani mashahurin ɗan wasa, Herbert Beerbohm Tree, ya fito a matsayin Fagin. Amma wanda ya shafi maganarmu shi ne majigin da David Lean ya yi cikin 1948, inda Alec Guinness ya fito da hanci na ƙari da aka yi masa bisa zanen Cruikshank. Shekara uku ke nan da ƙare yaƙin Hitila, wanda a cikinsa aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, an kuwa share fagen kisan da hotuna masu irin wannan kama. Da aka kai majigin Balin cikin 1949 sai da aka yi tarzoma a bakin gidan, a Amurka kuwa ba a nuna shi ba sai 1951, bayan an yanke waɗansu wurare.

Cikin wannan hali Lionel Bart ya ɗauki labarin. An haife shi cikin 1930 a unguwar matalauta ta gabashin Landan, ɗan wani tela Bayahude, bai kuwa iya rubuta kiɗa a takarda ba, sai ya rera wani ya rubuta. An buɗe wasansa a Landan ran 30 ga Yuni 1960, aka yi shi sau 2,618 a jere kafin a rufe. Wanda ya fito a matsayin Fagin, Ron Moody, shi ma Bayahude ne. Mutanen nan biyu ba za su iya ɗora tsohon hoton nan bisa dandali yadda ya ke ba, ba kuwa mai hankalin da zai ce su yi.

Mai karanta takardun wasan zai yi mamakin yawan abin da aka bari. Ga naman bisa wuta, ga hankici rataye, ga wasan aljihu, wanda ya zama waƙa mai daɗi da yara ke amsawa, ga ma ɗan akwatin dukiya da farkawar Oliver. Shi ya sa abokanmu na kashin fari suka ce riga kaɗai aka sake. Mu ma da fari haka muka zata, sai da malam ya sa muka rubuta sunayen mutanen littafi a gefe guda na allo, na wasa a gefe guda, muka ja layi tsakanin waɗanda suka dace. Nan muka ga inda gizo ya ke saƙa. Babu Monks a wasan ko kaɗan. Noah Claypole yana nan a farko, a shagon mai akwatin gawa, amma ba ya zuwa Landan, ba ya bin sawun kowa.

Dalilin Bart a fili ya ke. Littafin babi 53 ne, mutum ya kan yi mako yana karatu, wasa kuwa dole a gama shi cikin dare guda, waƙoƙi sun kuma ci rabin lokacin. Labarin wasiyya da gado dogo ne mai sarƙaƙiya, sai ya datse shi, ya mai da Brownlow kakan yaron, shi ke nan. Amma a duba abin da datsewar nan ta yi wa Fagin. Da Monks ya fita, kwangila ta fita. Ba sauran wanda ya biya shi ya lalata yaron, saboda haka in ya sa a komo da Oliver, tsoro ne kawai kada yaro ya tona inda su ke, tsoro kuwa abu ne da kowa ke yi wa uzuri. Da leƙen asirin Noah ya fita, hannun Fagin ya fita daga jinin Nancy. A wasan Sikes da kansa ya ke zarginta, ya bi ta gadar Landan, ya kashe ta a can. Har dukan nan ma ya sake hannu: sa'ad da aka komo da yaron, Sikes ne ya tasam masa da duka, Nancy ta shiga tsakani, Fagin kuwa yana gefe yana lallashi a yi hankali. Bart bai bukaci ya ƙaga wa tsohon wani aikin kirki ba. Ya kawar da mutum biyu daga gefensa, sai manyan laifuffukansa suka rasa inda za su tsaya, abin da ya rage na mugunta kuma aka jibga wa Sikes. A ganinmu wannan shi ne babban abin lura ga mai son mai da littafi wasa. Mutum ya kan ce, bari in rage wancan ƙaramin don lokaci, bai san a jikin ƙaramin nan aka ɗaure halin babban ba.

Bayan wannan akwai abin da dandali da kansa ya ke yi, ko mai wasa ya so ko bai so ba. A littafi muryar mawallafi tana tsaye tsakaninmu da Fagin kamar tafinta. In tsohon ya yi murmushi, muryar nan ta gaya mana murmushin mugunta ne. In ya fita da dare, ta kamanta shi da wani abin ƙyama mai jan ciki da ya fito daga taɓo yana neman mushe. A dandali babu tafinta. Abin da 'yan kallo su ke gani mutum ne mai rai, tsoho mai ban dariya, yana rawa da yara, in ya yi murmushi kuwa murmushi su ke gani. Mu ma a ƙasarmu an gamu da irin wannan. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito cikin 1934, daga bakin Shaihun ya ke fita, yana zaune cikin almajiransa yana ba su labarin kansa, saboda haka sa'ad da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan da aka buga cikin 1975, abin da a dā kunne ke ji daga bakin mutum guda sai da ya koma abin da ido zai gani a jikin mutane da yawa.

Sa'an nan ga waƙa. Wajen ƙarshen wasan, da al'amura suka fara dagulewa, a kan bar Fagin shi kaɗai bisa dandali, ya juyo ya fuskanci 'yan kallo, ya yi doguwar waƙa yana auna zamansa. Ya ce ko ya yi aure, sai ya tuna mace za ta mallake shi, ya fasa. Ko ya nemi aikin albashi, ya tuna wahalarsa, ya fasa. Ya tuna tsufa na tafe, ba ɗa ba jika, wa zai dube shi? Kowane baiti da dariya ya ke ƙarewa, amma ƙarƙashin dariyar akwai tsoron da kowane mai rai ya sani. Wanda ya keɓe da kai ya buɗe maka cikinsa, da wuya ka so a rataye shi. Akwatin nan da a littafi ya ke ribar wuyan mutum biyar, a wasa ya zama guzurin tsufa da gaske, watau ƙaryar da Fagin na littafi ya yi wa Oliver ita ce gaskiyar Fagin na dandali. Ba abin mamaki ba ne da matsayin ya zama na masu ban dariya, har cikin 2009 Rowan Atkinson, wanda duniya ta sani da sunan Mista Bin, ya fito a cikinsa a Landan.

To, ina hukuncinmu? Wajen sunan kabila, muna tare da Bart ba tantama. Ya cire kalmar daga bakin 'yan wasa, Dickens da kansa kuwa shi ya fara wannan gyara cikin 1867. Muguntar Fagin ba ta bukatar kabila, da an ce shi mutumin ko'ina ne, ba abin da zai ragu daga labarin. Ko da ya ke, don gaskiya, tsohon hoton bai fita sarai ba, gama karin waƙoƙin Fagin irin na kiɗan Yahudawan gabashin Turai ne, ga shi kuma har yanzu tsoho ne mai rungume da akwatin zinariya, waɗansu masu sharhi kuwa ba su yi shiru a kan wannan ba. Haka kuma ba za mu ce Bart ya ƙaga rahan Fagin daga iska ba. Yana cikin littafin, mun nuna shi a baya, wutar nan da naman nan na Dickens ne.

Inda mu ka rabu da shi shi ne, ya haɗa abu biyu ya zubar tare, alhali ɗaya ne kaɗai ya ruɓe. Zaluncin da aka yi wa Yahudawa daban, laifin da Fagin ya yi wa yara daban. Dickens ya rubuta littafin ne don ya nuna zaman ɓarayi ba shi da wani armashi, ya kuwa nuna inda yaran tsohon su ke ƙarewa. Dodger, gwanin cikinsu, an kama shi da ɗan akwatin taba na azurfa, aka yanke masa kora zuwa hayin teku har iyakar ransa, Fagin kuwa ya riƙa lallashin sauran da cewa wannan ɗaukaka ce. A wasan, ɗakin Fagin ya fi ko'ina haske da waƙa, har mai kallo ya kan ji ya fi gidan Brownlow daɗin zama. Watau 'yan kallo suna zaune a inda Oliver ya zauna ran da ya yi dariya har da hawaye, sai dai shi daga baya idonsa ya buɗe, su kuwa har a sauke labule ba wanda ya buɗe musu. Wani abokinmu ya ce ai nishaɗi mutane suka zo nema, sun biya kuɗinsu, ba wa'azi ba. Mun yarda. Amma in mu ne za mu shirya wa yaran makaranta wannan labari, za mu komo da leƙen asirin Noah ko da na minti biyar ne, da maganar nan ta bakin ƙofa, mu bar Fagin da rahansa duka. Mai ɓata yara da gaske ba ya zuwa da fuskar dodo, abin da ya kamata yaro ya gani ke nan, kuma sai an bar rahan da laifin a jikin mutum guda za a gan shi.

Saura ƙarshensu. A littafi an kama Fagin, jama'a suka kusa yayyaga shi a titi ba don 'yan sanda sun kewaye shi ba, Noah kuwa ya ba da shaida a kansa don ya tsira. Babi na 52 shi ne wurin da Dickens ya shigar da mu cikin kan tsohon sosai, kuma a ganinmu ba inda alƙalaminsa ya fi ƙarfi. Yana tsaye gaban shari'a, ana jiran mutum 12 su komo da hukunci, hankalinsa ya kasa tsayawa kan mutuwa. Sai ya riƙa ƙirga tsinin ƙarfen da ke gabansa, yana mamakin yadda ɗaya ya karye. Ya ga wani saurayi yana zana hotonsa, bakin fensir ya karye, ya tsaya yana kallon yadda ya ke feƙewa. Aka yanke masa rataya ran Litinin. A kurkukun Newgate ya zauna yana jin agogon coci na buga sa'o'i, yana tuna mutanen da ya sani da suka bi ta ɗakin nan, waɗansu ta dalilinsa. Dattawan addininsa suka zo su yi addu'a tare da shi, ya kore su da zagi. A daren ƙarshe Brownlow ya kawo Oliver, don a tambaye shi inda ya ɓoye takardun Monks. Ya raɗa wa yaron suna cikin wata jaka a cikin bututun hayaƙi, yaron ya roƙe shi su durƙusa su yi addu'a, shi kuwa sai jan hannun yaron ya ke wajen ƙofa, wai ya fitar da shi a asirce. Da ƙyar aka ɓamɓare shi, suna tafe suna jin ihunsa har tsakar gida. Da suka fito gari ya fara wayewa, taro ya riga ya cika fili, ana shan taba ana caca, ga baƙin dandamali a tsakiya da gungume da igiya.

A wasan kuwa, an harbe Sikes, an mai da Oliver ga kakansa, taro ya watse. Sai ga Fagin ya fito daga inda ya ɓuya, ba wanda ya kama shi, ya ɗan sake rera waƙarsa ta auna zama, ya ce watakila lokacin sake hali ya yi, ya juya ya tafi shi kaɗai. A majigin da Carol Reed ya yi daga wasan cikin 1968, wanda ya ci lambar Oska 6, ko wannan ɗan tuban ma bai daɗe ba. Yana cikin tafiya sai Dodger ya ɓullo daga wani lungu ya miƙa masa jakar kuɗin da ya zare yanzu, tsohon ya duba, ya karɓa, suka kama hanya suna rawa rana na fitowa.